Bakin Siket ɗin Doguwa

Lahadi, bayan sujada

Ba ni na tura hoton ba. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya buɗe littafin nan ya ci karo da shi tun a layin farko. Yaya, da kai nake.

Yau da aka tashi, Malamar waƙa ta tsare mu, mu 'yan matan ƙungiyar mawaƙan matasa. Samarin ta kore su su je su jera benci. Ta rufe ƙofar ɗakin ganguna, ta ɗaga wayarta sama, amma ba ta nuna wa kowa fuskar wayar ba, don kowa ya san abin da ke ciki. Hoton Asabar ɗin da ta wuce ne, a gindin tankin ruwa na bayan majami'a: 'yan mata cikin kayan waƙa, siket sama da gwiwa, kowace ta karkace baki. Ni ba na ciki, ni ce na riƙe waya.

Sai ga sabuwar doka. Duk Lahadi kafin mu shiga, kowace za ta durƙusa a kan siminti ta miƙe bayanta. In bakin siket ya taɓa ƙasa, ta wuce. In bai taɓa ba, sai bencin baya, inda ake zaunar da waɗanda ke ƙarƙashin horo, kowa na wucewa yana kallonsu ta wutsiyar ido. "Ba uzuri," in ji Malama, "kuma ba 'yar wane."

Muka durƙusa. Su Gimbiya, 'yan matan da ke cikin hoton, suka wuce ɗaya bayan ɗaya kamar mala'iku. To ai dole! Siket ɗinsu lafiyarsa lau, naɗe ƙugun suke yi sau biyu sau uku a ƙarƙashin riga da zarar an bar ganin Malama, in za a dawo kuma su warware. Ni ma na wuce, nawa har ya yi shimfiɗa a ƙasa. Ba a banza suke ce mini Tsintsiya ba.

Ƙawata Doguwa ce ta faɗi. Ita kaɗai ce a hoton nan ba ta naɗe komai ba. Tsawo ta yi a cikin shekarar nan kamar ana jan ta da igiya, siket ɗin kuma ya tsaya inda aka ɗinka shi. Ta durƙusa, sai ga tafin hannu guda tsakanin yadi da siminti. Malama ta ce tunda yau an riga an tashi, a lissafta ta zauna bencin baya sau ɗaya. Lahadi mai zuwa ta zo da kayan gida ta zauna cikin jama'a, Lahadin da ke bin ta kuma ta zo da siket mai kunya.

Doguwa ta miƙe ta karkaɗe gwiwarta. Ita da ma sai a waƙa take da baki.

Litinin, da hantsi, a aji

Ba wadda ta ajiye mini wuri. Ko a jikina, wai an tsikari kakkausa. Na zauna gaba, yau har na ga allo da kyau.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na biya gidan su Doguwa. Na same ta a bayan ɗaki ta warware kalmasar siket ɗin da reza, abin da ta samu bai kai faɗin yatsa ba. An riga an sake shi bara.

Babanta direban babbar mota ne, ba ya yawan zama gari, amma labari ya riga ya same shi a hanya. Da ma can yana cewa waƙa yawo ne da sunan Allah. Ya bugo waya ya ce in sunan 'yarsa ya sake hawa bencin baya, ta gama da ƙungiyar mawaƙa har abada, kuma shi ba ya magana biyu. Na san shi, ba ya yi ɗin.

Ta ce, "Tsintsiya, in aka hana ni waƙa me ya rage mini?"

Na ce, "Tsawo." Ta yi dariya tana share hanci da bayan hannu.

Gaskiya ita ce yarinyar nan ita ke ɗauke da mu duka. Ni ina can ƙasa da muryata mai kauri ina tallafe ta, ita kuma tana hawa inda ba wadda ke iya bin ta. Tsofaffi har rufe ido suke yi. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙawarta 'yar tela ce, siket ba zai gagare mu ba.

Talata, da yamma, a shagon Mama

Ashe zai iya.

Yadin kayan waƙarmu, shuɗi mai siririn farin layi, matan ikilisiya ne suka sayo shi bandir guda shekarun baya, aka yanka wa kowa, ya ƙare. Mama ta tambayi masu yadi biyu, sun ce an daina kawo irinsa. Na zazzage buhun ƙyallaye duka a ƙasa, na yi atishawa har idona ya yi ja. Abin da na samu ba zai ɗaure yatsan da ya yanke ba.

Mama tana kan keke ba ta ɗago ba, ta ce, "Allah sarki, yarinyar kirki. Su kuma sauran ai gwamma da aka yi wa tufkar hanci tun da wuri."

Na kalle ta. Na kalli soket ɗin da ke bayan kekenta, shi kaɗai ne mai aiki a gidan nan, a nan kowa ke sa wayarsa caji, har da ni. Malama kuma duk Asabar da yamma tana zuwa nan awon riga ko hira. Na mayar da ƙyallayen cikin buhu.

Laraba, bayan koyon waƙa

A hanyar gida suka tare ni, su huɗu, daidai shagon mai gyaran waya. Gimbiya ce a gaba. Kyakkyawa ce, ban taɓa musu ba, kuma ta iya magana a hankali yadda mutum zai ji kamar shi ne bai waye ba.

Ta ce, "Da wayarki aka ɗauka."

Na ce, "Da hannuna ma."

"To mu ba ma son zargi. Ki naɗe sau ɗaya tak, daga nan zuwa kwanar gidanku. In kin yi, mun yarda ke tamu ce, magana ta mutu."

Sauran suka ce, "Sau ɗaya fa, Tsintsiya. Ba mutuwa za ki yi ba."

Na ce, "To in na naɗe wa zai share muku titi?"

Ɗaya ta fashe da dariya, Gimbiya ta harare ta, ta haɗiye. Na ratsa ta tsakiyarsu na wuce. Ban waiwaya ba.

Kafin in kai gida sun cire ni daga guruf ɗinmu na waya. Ba ni na tura ba.

Alhamis, da safe

Ba ni na tura ba, kuma ba zan tambayi kowa ba.

Juma'a, da azahar, ba kowa a gida

Bari in rubuta don kada in yi wa littafina ƙarya. Na rufe ƙofa na tsaya gaban madubin shago, na naɗe. Sau ɗaya, sannan sau biyu. Ashe ina da ƙafa! Na juya hagu na juya dama, na yi irin tafiyar Gimbiya daga keke zuwa teburin yanka. Ba laifi ko kaɗan.

Sai na gwada zama a kan kujera, na ga dole hannu ɗaya ya zama ɗan aikin siket, ja nan, ja can. Ni kuwa ina son in zauna yadda na ga dama, in tsallake kwata ba tare da lissafi ba. Su suna zaton tsoron Mama ne ko tsarki nake nunawa. Ba na jin na fi kowa kusa da Allah saboda yadi. Ni dai na tsani a ce mini "yi mu gani", ko daga bakin Gimbiya ko daga bakin wani. Na warware na ci gaba da guga.

Lahadi, da rana

Doguwa ta zauna cikin jama'a da kayan gida, kusa da innarta. Muka yi waƙa babu ita, abin kamar miya ba gishiri. Gimbiya ce ta ja baiti, ta kai tsakiya murya ta tsage, Yaya da ke kan molo ya sunkuyar da kai yana ta gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

Da safe an sake durƙusawa, kowa ta wuce. Da aka tashi, tun kafin mu kai tankin ruwa na ga hannaye sun shiga ƙarƙashin riguna.

Na koma na sami Malama tana tattara littattafan waƙa. Na ce, "Malama, ku yi haƙuri, in aka ƙara wa siket ɗin Doguwa baƙin yadi a ƙasa fa?"

Ta ce, "Yau baƙi, gobe wata ta ƙara ja, jibi mu zama kasuwa. Kayan ƙungiya iri ɗaya ne."

"Amma Malama tsawo ta yi."

"Na sani, 'yata. Na kuma faɗa gaban kowa cewa ba uzuri. In na lanƙwasa wa ɗaya, na karya duka." Ta tsaya ta dube ni da kyau. Ba muguwa ba ce, idonta ma ya nuna ba ta jin daɗin abin. Ta ce, "Ko akwai abin da kike son gaya mini?"

Akwai mana. Yana nan a kan harshena, kalma uku ta isa. Sai na tambayi kaina, in na faɗa, siket ɗin Doguwa zai ƙara tsawo? Ba zai ƙara ba. Bencin baya ne kawai zai cika, ni kuma in zama abin da suke cewa ni ce. Na ce, "Babu, Malama."

Litinin, lokacin hutun tara

Dabara ta zo mini a darasin lissafi, karo na farko da ya yi mini rana. Yadin nan ai bai ƙare ba, yana nan a ƙugun mutane a naɗe! In kowace cikin su huɗun ta ba da ɗan siriri daga ƙasan nata, ni ma in ba da, in harhaɗa, Doguwa ta tsira kuma ba wadda za ta faɗi a durƙuso.

Ni da wayo, sai Allah.

Talata, bayan an tashi makaranta

Na ajiye girman kai na je na sami Gimbiya a bakin famfo. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa da tsinke.

Ta ce, "Wato mu kai siket ɗinmu shagon mamarki."

"Ni zan yi da kaina."

"A shagon mamarki." Ta maimaita a hankali tana kallon sauran. "Inda waya ma ba ta tsira ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Na ce, "Ki bar Mama a ciki."

"Ni ban sa ta ba." Ta wanke hannu ta yarfe. "Doguwa ta ba ni tausayi, Allah ya sani. Amma ba ni na ce ta yi tsawo ba."

Ƙaramar cikinsu, wadda ta yi dariya rannan, ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce a hankali ita da ta bayar, amma in na tsaya a wurinta za a cire ta ita ma. Na ce ta koma kada a gan ta da ni. Ban ji haushinta ba, na san yadda rashin wurin zama yake.

Laraba, da yamma

A koyon waƙa Doguwa ta zauna gefe tana motsa leɓe. Da za mu rabu na ce ta ba ni siket ɗin, na samo ƙyalle a ƙasan wani tsohon buhu. Ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Babanta zai dawo ranar Asabar, ya ce zai zo sujada ya gani da idonsa.

Allah ka yafe mini wannan 'yar ƙaryar, kai ma ka san buhun da nake nufi.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Na auna nata. Na auna nawa. Na durƙusa gaban madubi da tef a hannu.

Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi

Na sake aunawa.

Juma'a, da safe

Zai isa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni 'yar tela ce. Akwai abin da ɗinki zai ci a sama, akwai kalmasa a nata, akwai sabuwar kalmasa a nawa, amma zai isa.

Juma'a, da yamma

Yaya ya ce me ya sa nake ta rera waƙa tun safe kamar rediyo. Na ce bakinka ne? Na bi duk waƙoƙinmu tun daga na farkon da aka koya mana, har waɗanda na tsana. Haka kawai.

Asabar, da hantsi

Mama ta tafi kai ɗinkin wasu mata, ta ce in kula da shago. Na shimfiɗa siket ɗina a kan teburin yanka, na ja layi da alli. Na daɗe tsaye da almakashi a hannu. Mama ce ta ɗinka shi, ta ƙara masa tsawo da gangan ta ce in girma a ciki, ɗinkinta kuwa ko ta bai-bai aka juya ba a ganin zare ya karkace.

Wata mata ta leƙo tana tambayar rigarta, na ce ta dawo an jima. Da ta tafi na yanka. Almakashin Mama ba ya jiran mutum ya sake tunani.

Abin da ya ba ni wuya shi ne daidaita fararen layukan su haɗu baki da baki. Sau biyu ina farkewa. A na uku suka zauna, na bi da guga mai zafi, sai ka kawo ido kusa za ka ga mahaɗin. Na kalmashe nawa siriri iyakar yadda yadi zai yarda, na ninke na tura ƙarƙashin katifa. Ban gwada ba, ba na bukata.

Na kai wa Doguwa nata. Ta sa, ta durƙusa a tsakar gidansu, bakin siket ya kwanta a ƙasa har da saura kaɗan. Innarta ta ɗaga hannu sama tana sa mini albarka, ta ce Allah ya ba ni miji mai haƙuri. Na ce amin, zai bukace shi.

Lahadi, da la'asar

Na fita da zane a kan siket ɗin, na ce wa Mama sanyi nake ji. A ƙofar ɗakin ganguna na kwance shi.

Doguwa ce ta fara durƙusawa. Ta wuce. Malama ta sunkuya ta kama bakin siket ɗin, ta bi mahaɗin da babban yatsa, ta saki. Su Gimbiya suka wuce. Ni ce ta ƙarshe.

Na durƙusa na miƙe bayana sosai, ban ranƙwafa ko kaɗan ba, don in za a yi a yi da gaskiya. Na ji iska a gwiwata. 

Malama ta dubi ƙasan siket ɗina, ta dubi na Doguwa, ta sake duban nawa. Ta ce, "Kin san babu sauran yadin nan."

"Na sani, Malama."

"Kin san abin da na faɗa gaban kowa."

"Ba uzuri, ba 'yar wane."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce, "Bencin baya. Kuma ba za ki tsaya cikin ƙungiya ba sai ranar da aka sake kaya." Kowa ya san ba a maganar sake kaya bana, baɗi ma sai wani ikon Allah.

Sai a lokacin Doguwa ta gane. Ta ce, "Tsintsiya, buhun..." ta fara kiciniyar zuge zif wai za ta cire. Na damƙe hannunta na ce, "In kika ɓata mini ɗinki sai na karya ki biyu. Babanki yana layi na uku. Ki je ki buɗe baki."

Da za mu fita Gimbiya ta matso ta raɗa mini, "Ashe kin fi mu zafi, mu naɗewa muke, ke yankewa kika yi. Zan mayar da ke guruf." Ban sani ba ko ba'a take ko da gaske, wataƙila ita ma ba ta sani ba. Na ce ta bar shi, wayata ta huta.

Bencin baya yana da tauri, kuma ƙafarsa ɗaya tana rawa. Matan da ke shigowa suna ganina suna taɓa juna. Mama ta waiwayo sau ɗaya daga layin mata, ta ga gwiwata, ta juya. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, kunya har cikin kunnuwana. Amma ban sunkuyar da kai ba.

Doguwa ta fara da rawar murya, na ce shi ke nan, yarinyar nan za ta sa in yi asarar siket a banza. A baiti na biyu ta kama. Daga inda nake ina hango ƙeyar babanta, bai motsa ba har aka gama, sai da kowa ya zauna shi yana tsaye, wani dattijo ya ja masa riga.

A gida Mama ta ce in cire in kawo. Ta juya shi bai-bai, ta bi kalmasar da farce daga farko har ƙarshe.

Ta ce, "Kin auna kafin ki yanka?"

"Sau biyu."

"To kin san ba zai isa ba."

"Tun ranar Alhamis."

Ta ninke shi a kan cinyarta ta dafa shi da hannu biyu. Na jira faɗa, bai zo ba. Ta ce, "Kalmasar ta yi siriri, za ta warware a wanki. Kawo zare shuɗi in bi miki."

Laraba, ƙarfe huɗu

Yanzu suna can suna koyon waƙa. Yaya ya rataya molo ya tafi, a bakin ƙofa ya tsaya kamar zai yi magana, na ce ya wuce kada ya makara.

Ban yi da-na-sani ba. In aka sake ba ni almakashin, a wurin nan dai zan yanka. Sai dai ba wanda ya gaya mini yammacin Laraba yana da tsawo haka.